Fuskar da Na Zana wa Agogon Ladan

Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. Duk wanda ya san kasuwar Sinja ya san ni, ya san abin da na yi. Wanda kuwa bai san ni ba, sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Abin da nake so shi ne samari su ji labarin daga bakina, ba daga bakin mazauna wajen mai shayi ba. Su cewa suke yi na fasa shaguna. Ban taɓa fasa ƙofar kowa ba. Mutane da ƙafarsu suke zuwa, su miƙo mini kayansu da hannunsu, har su yi mini godiya. Wannan ya fi fasa shago muni, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

An haife ni a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, kudu da Abu Na'ama. Mahaifina manomi ne, dawa da riɗi da damina, albasa a bakin ruwa da rani. Ni kuwa tun ina ƙarami fartanya ba ta zama a hannuna. Duk abin da yake da murfi sai na buɗe shi na ga cikinsa, tocila ce ko kwaɗo ko rediyon yayana. Na sha duka a kan haka ba iyaka. Da na kai shekara goma sha biyar mahaifina ya gaji, ya sa ni a gaba muka hau mota zuwa Sinja, ya damƙa ni a hannun wani abokinsa mai gyaran agogo, Baba Umaru. Ya ce masa, "Ga shi nan. Tunda buɗe-buɗe ya iya, koya mishi rufewa."

Baba Umaru yana da ɗan tebur mai akwatin gilashi a ƙarƙashin wata baranda, kusa da masu sayar da yadi. Mutum ne marar yawan magana. Idan aka kawo masa agogo, kafin ya taɓa murfinsa sai ya kara shi a kunne, ya rufe ido, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Datti ne," ko ya ce, "An yar da shi ƙasa." Da wuya ya kuskure. Ya koya mini riƙe hantsaki, da sa gilashin ido, da wanke inji, da ɗiga mai da bakin allura. Shekara biyu ban taɓa agogon mutane ba, sai matattun da ke cikin gwangwaninsa. Abu ɗaya ya fi nanata mini: kada in buɗe agogon mutum sai a gabansa, ya ga abin da ke ciki da idonsa kafin ya tafi ya bar shi.

A shekarun casa'in ɗin nan sana'ar tana da daraja. Kowane magidanci yana da agogon wani, irin wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Masu dawowa daga aiki a Saudiyya suna kawo masu nauyi, masu sunayen manyan kamfanonin Turai. Daga baya agogon batir mai araha ya cika kasuwa, wanda in ya lalace ba a gyara shi sai a jefar. Bayansa wayar hannu ta zo, mutane suka koma duba lokaci a aljihu. A daidai lokacin idon Baba Umaru ya yi rauni, ya koma gida ya bar mini teburin da kayan aikin duka. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Sai in wuni ban yi komai ba sai canza batir da huda maɗauri. Ba ina faɗin haka ba ne don a ce talauci ya sa ni. Maƙwabcina mai gyaran rediyo haka kasuwarsa ta mutu, ya koma koyon gyaran waya da furfurarsa, bai cuci kowa ba.

Wata rana wani ɗan kasuwa daga Omdurman, ana ce masa Tayyib, ya tsaya a teburina. Yana yawo gari-gari da jakar kayan agogo, gilasai da maɗaurai da batura. Ya fito da wani ɗan kwali ya buɗe mini. Fuskokin agogo ne, waɗanda mu a kasuwa muke kira mina, kowace naɗe a 'yar takarda. Akwai baƙaƙe, akwai farare, akwai masu ruwan toka. Ba sa sheƙi ko kaɗan, in ka shafa sai ka ji kamar ɓawon ƙwai. Ba suna a jikinsu, ba lamba, ba komai, sai ramin tsakiya da 'yan ƙafafu biyu a baya. Ya ce a ƙasashen waje akwai masu sha'awar haɗa agogo da kansu, su sayi inji daban, gida daban, fuska daban, su zana abin da ransu yake so. Na sayi kaɗan, kuma da niyya mai kyau na saya. Rana da ruwa suna cinye fuskar agogo a ƙasarmu, na ce zan riƙa musanya wa mutane.

Wanda na fara sa wa wani mai kula da injin ban ruwa ne daga Dindir. Agogonsa ya faɗa magudana, fuskar ta yi tsatsa ta kumbura. Na wanke injin ya tashi. Na sa masa baƙar fuska sabuwa, na ɗiga alamomin sa'o'i da farin fenti. Da ya zo karɓa ya juya agogon, ya sake juyawa, ya ɓata rai.

Ya ce, "Usta, ina sunan?" Usta ake kiran mai sana'ar hannu a nan.

Na ce, "Sunan ya tafi da tsohuwar fuskar. Amma injinka ne na asali, ga shi yana tafiya daidai."

Ya ce, "Wa zai ga inji? In na ɗaga hannu a taro, suna ake karantawa. Maido min sunana."

Na ce ya dawo bayan kwana uku. Na yanko gashin akuya, na ɗaure 'yan silai a tsinke, na ajiye tsohuwar fuskar a gabana, na sa gilashin ido. Na ɓata fuska huɗu kafin ta biyar ta fito. Da ta fito, ni kaina na kasa bambanta rubutuna da na kamfanin. Mutumin ya tafi yana murna. A wannan ban cuce shi ba, agogonsa na gaske ne. Amma maganarsa ta zauna mini a rai: wa zai ga inji?

Da Tayyib ya dawo na nuna masa ɗaya daga cikin waɗanda na gwada hannu a kansu, don alfahari kawai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kana da hannu irin wannan, ya usta, ka zauna kana canza batir?" A zuwansa na gaba ya kawo mini injuna masu araha, da gidaje masu ruwan zinariya, da 'yan tambura na ƙarfe da ake mannawa. Na fara haɗa agogo daga tarkace in rubuta masa sunan babban kamfani. Na koyi tsufar da fuska: in shafa mata ruwan shayi mai kauri, in shanya ta a rana kwana biyu, sai farin ya rine kamar ta shekara talatin. Masu saye 'yan kasuwar riɗi ne da kaka ta yi wa kyau, da angwaye, da ƙananan ma'aikata masu son a gan su. Ina ce wa kaina, ai suna suke so, ga suna na ba su. Ban ji komai ba. Har dariya nake yi idan na ga mutum yana ture hannun jallabiya don agogona ya fito.

Daga nan Tayyib ya zo da magana ta biyu. Ya ce tsofaffin agogo na gaske da ke hannun dattawan ƙauyukanmu akwai masu nemansu a waje ido rufe, kuma ba gidan suke so ba, injin da fuskar suke so. "Tsoho ya kawo maka gyara," in ji shi, "ka cire na ciki, ka sa masa naka, ka zana masa fuskarsa yadda take. Agogo yana tafiya, tsoho yana murna, wa aka cuta?" A ranar na ce masa a'a. Bayan mako uku na yi na farko. Tun daga nan na daina buɗe agogo a gaban mai shi. Sai in kara a kunne kamar yadda Baba Umaru yake yi, in girgiza kai, in ce, "Sai ka bar shi, aikin yana da yawa."

Na yi kusan shekara huɗu a haka. Na yi wa gidana rufin kwano, na sayi babur, mutanen ƙauyenmu suna cewa sana'a ta karɓe ni.

Ladanin masallacin ƙauyenmu sunansa Malam Haruna. Tun kafin a haife ni yake kiran salla, kuma shi ya koya mini alwala. Yana da agogo guda mai farar fuska, wanda mahaifinsa ya sayo a Makka bayan ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin Jazira. Ba ya ɗaura shi a hannu, a aljihun gaba yake sa shi, naɗe a ƙyalle. Ranar Juma'a kaɗai yake daidaita shi da rediyo, sau da yawa ma ba ya samun abin gyarawa. Da agogon nan ƙauyen yake barin sahur, da shi yake shan ruwa. Saura wata ɗaya azumi, ya hau mota ya zo Sinja da kansa.

Ya ce, "Ɗana, ga shi a wanke min. Maigidanka ya saba wanke shi, yanzu kai ne magajinshi. Ba ni ba kowa sai kai."

Na ce, "Baba Ladan, ka bar shi mako guda."

Da ya tafi na buɗe. Ban taɓa ganin inji mai kyau irin wannan ba. Na rufe na ajiye, na ce wannan kam ba zan taɓa ba. Kwana biyu ina buɗewa ina rufewa. A rana ta uku Tayyib ya iso garin. Ba zan ɗora masa laifin ba, bai riƙe hannuna ba. Ni na cire injin, ni na cire fuskar, ni na zauna na zana sabuwa, har wani ɗan tabo da ke kusa da ƙarfe bakwai sai da na kwaikwaya. Hannuna bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Malam Haruna ya karɓa, ya duba, ya ce ya yi haske. Ya sa mini albarka, ya sa wa 'ya'yana.

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Na je gida in yi kwanaki wurin mahaifiyata. A ƙauyenmu maza a waje suke shan ruwa, a shimfiɗa tabarmi a kan hanya, kowane gida ya fito da tire. Kwana biyar ke nan hadari ya rufe sama, ba a ga rana ba ko sau ɗaya. Inji mai araha ba ya son laima. In danshi ya kama siririn zaren ƙarfen da ke bugawa a cikinsa, sai ya riƙa gudu. Na san haka, sana'ata ce. Amma agogon Ladan bai faɗo mini a rai ba sai da na ji muryarsa.

Ya kira salla. Muka yi bisimilla, muka ci dabino, muka sha kunu, wasu har sun sa hannu a asida, tuwon ƙasarmu. Wani saurayi da ke gefena ya ciro wayarsa ya duba, ya ce, "Anya kuwa?" Ba wanda ya kula shi. Can sai hadarin ya tsage ta yamma, rana ta fito ja wur a saman itatuwa, ba ta ko kusa taɓa ƙasa ba. Kowa ya tsaya da loma a hannu.

Liman ya ce ba wanda ya yi zunubi, amma kowa zai rama azumin ranar. Manya suka yi shiru. Samari ba su yi shiru ba. Malam Haruna ya fito daga masallaci, ya warware ƙyallen yana nuna wa mutane. Yana cewa, "Ku duba da kanku, ga abin da ya nuna. Wanga agogo bai taɓa yi min ƙarya ba." Sai ya hango ni a kan tabarma, fuskarsa ta saki kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari. Ya ce, "Ga mai gyara nan. Ɗana, duba shi ka gaya musu."

Na karɓa, na kara a kunne a gaban jama'a. Ina jin yadda yake gudu kamar zuciyar tsuntsu. Na ce, "Agogon lafiyarsa ƙalau, Baba. Wataƙila wajen murɗa shi ka ja kansa, hannayen suka matsa gaba ba ka lura ba. Yakan faru da dattawa."

Maganar ƙarshen nan ba wanda ya tilasta mini ita. Ni na ƙara ta don a daina kallona a koma kallonsa, kuma haka aka yi. Wani ya yi dariya, wani ya ce a ba tsoho hutu. Malam Haruna ya naɗe agogonsa ya mayar aljihu. Kafin ƙaramar salla an ba wani matashi mai waya kiran salla. Yara suka sa wa tsohon suna Ladan Mai Sauri. In ya wuce da tsakar rana sai su bi shi suna tambaya ko an sha ruwa.

Malam Haruna yana da 'ya, Ustaza Sa'adiyya, malamar makarantar 'yan mata a Abu Na'ama. Ita ba ta yarda ba. Ta ce ubanta ya fi shekara arba'in yana murɗa agogon nan kowace safiya, hannunsa ba zai mance a rana ɗaya ba. Ba ta zo wurina ba. Ta karɓi agogon ta nemi gidan Baba Umaru a Sinja. A lokacin da kyar yake bambanta mutum da inuwa. Daga baya na ji a kotu yadda suka yi. Ya kara a kunne, ya ce mata, "Wanga ba agogon Haruna ba ne." Ta ce nasa ne, ga ma tabon da ke kusa da ƙarfe bakwai. Ya ce, "Tabo ban iya gani, 'yata. Amma na shekara ashirin ina sauraren cikin agogon Haruna, wagga ba muryarshi ba ce. Wa ya taɓa shi?" Da ta faɗi sunana, ya ce ta miƙo masa sandarsa.

Da hantsi suka iso teburina, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya ajiye agogon a kan gilashin, ya ce, "Buɗe shi."

Na ce, "Baba, mu je gida mu yi magana."

Ya ce, "Nan na koya maka, nan za ka buɗe."

Masu yadi sun fara taruwa. Ni kuwa maimakon in sunkuyar da kai sai na ɗaga murya. Na ce wa jama'a tsoho ne ya makance, yana jin haushin na fi shi kasuwa. Na ce makaho ba zai koya mini agogo ba. Mutumin da ya ciyar da ni shekara takwas a gidansa na faɗa wa haka. Maƙwabcina mai gyaran waya ya miƙa hannu ya ɗauki abin buɗewa a teburina, ya buɗe murfin, ya ɗaga sama. Ga ɗan farin inji nan mai araha, an tokare shi da zoben roba da na yanka da reza.

'Yan sanda sun tarar da kwalin fuskoki marasa rubutu a aljihun teburin, da tsinkayen gashi, da tambura, da fuskoki na gaske guda uku da ke jiran Tayyib. Labari ya bi ƙauyuka. Dattawa suka riƙa zuwa ofishin 'yan sanda da agogonsu a hannu, a buɗe musu ɗaya bayan ɗaya. Tayyib ba a sake ganinsa ba, injin agogon Ladan ma haka.

Abin da ya fi tsorata ni a tsare shi ne hannuna. Na san hukuncin ɓarawo a ƙasar nan, sai in zauna ina kallon wuyan hannuna na dama. Lauyan da yayana ya samo ya ce in kwantar da hankali, laifina cin amana ne ba sata ba, tunda da kansu suka ba ni kayan. Alƙali ya yanke mini shekara uku. Murna na yi. Ana fita da ni na wuce kusa da Baba Umaru a kan benci, na ce masa, "Baba, hannuna ya tsira." Bai juyo ba. Ya ce, "Ɓarawo ba a sa mishi albarka ba kafin ya ɗauka. Kai an sa maka." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Shekarar farko a kurkuku haushi na ci. Ina jin haushin Tayyib da ya gudu, da Sa'adiyya da ta tona, da Baba Umaru da bai rufa mini asiri ba. Kowa mai laifi ne ban da ni. Sai azumi ya zagayo. A ciki ba mai agogo, ba mai waya, katanga kuma ta tare yamma, ba ma ganin faɗuwar rana. Akwai wani masallaci a bayan katangar, ban taɓa ganin ladaninsa ba. Sai mu zauna a ƙasa mu kusan sittin, maƙogwaro ya bushe, kowa da dabinonsa ɗaya a hannu, muna jiran muryar mutumin da ba mu sani ba. Da ya buɗe baki sai mu ci, ba mai tambaya. Wata rana dabinon yana bakina na kasa haɗiyewa. Ranar na gane abin da Malam Haruna yake riƙe da shi a ƙauyenmu, na gane abin da na raba shi da shi. Ba inji ba ne.

A shekara ta biyu matata ta zo ziyara ta ce Baba Umaru ya rasu. Ita a lokacin shayi take sayarwa a bakin tasha don yara su ci. Na tambaye ta ko ya bar mini wani saƙo. Ta ce bai bar komai ba. Na so a ce ya bari, ko da zagi ne.

Da aka sake ni yayana ya ce in tafi Damazin ko Khartoum, inda ba a san ni ba, in fara sabuwar rayuwa. Na ce ba inda za ni. A nan na yi ɓarnar, a nan za a gan ni. Kafin in kwana biyu a gidana na hau mota zuwa ƙauye.

Sa'adiyya ce ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Mi ka zo ɗauka kuma?" Daga ciki na ji muryar tsohon, ta yi ƙasa sosai, yana cewa a bar ni in shiga. Yana zaune a kan gadon igiya a gindin dalbejiya, ya rame. Na durƙusa na ce, "Baba Ladan, na zo neman gafara."

Ya ce, "Agogo ƙarfe ne, na yafe tun kana can. Ubana ya tafi, agogonshi ya bi shi." Sannan ya ce, "Amma ka ce yakan faru da dattawa. Kowa a garin nan ya rama azuminshi na ranar nan. Ni ba wanda ya rama min."

Na ce, "Baba, mi zan yi?"

Ya ce, "Gaban jama'a ka faɗe ta. Gaban jama'a za ka janye ta."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a sahu na uku. Na juya na fuskanci jama'a. Na ce ni ne wane ɗan wane. Na ce ni na cire cikin agogon Malam Haruna na sayar, ni na sa masa na banza, kuma ranar da rana ta fito na san dalili, na yi masa ƙarya a gabansu don in tsira. Na ce idonsa lafiya, hankalinsa lafiya, hannunsa bai taɓa kuskure ba. Wani daga baya ya ce a fitar da ni daga masallaci. Wani da na cuci mahaifinsa ya tashi ya tofa yawu kusa da ƙafata. Ban zauna ba sai da na gama. Da na gama Liman ya ce la'asar ta yau Malam Haruna zai kira.

Da lokaci ya kusa tsohon ya fito da sandarsa. Matashin ladanin ya miƙo masa waya, ya ture ta da bayan hannu, ya tsaya yana duba inuwar katangar masallaci har ta kai inda yake so. Muryar ta tsage a tsakiya, amma ya kai ta ƙarshe. Sau ɗayan nan ya kira, bai sake ba. Da damina ta zagayo ya rasu. Ustaza Sa'adiyya har yau ba ta amsa sallamata, kuma tana da gaskiya.

Na koma kasuwar Sinja. An ce ba ni da kunya. Na ce kunyar da za ta sa in gudu in bar mutane da hasararsu, ita kam ba ni da ita. Akwai ranakun da ba mai tsayawa a teburina. Har yanzu ina sayen fuskokin nan marasa sheƙi, domin su ba su yi laifin komai ba. Ina haɗa agogo a kansu, in rubuta wa mutum sunansa ko sunan 'yarsa, in gaya masa injin mai araha ne, zai yi masa 'yan shekaru. Lokaci-lokaci saurayi yakan sunkuyo ya rage murya ya ce, "Usta, an ce ka iya rubuta sunan kamfani." Sai in ce na iya, fiye da kowa a garin nan, kuma ba zan rubuta ba.

Samari, ga abin da nake so ku riƙe. Ban fara da niyyar cin amanar ladani ba, na fara ne da son a yaba hannuna. Duk wanda ya yabi gwanintarku sannan ya nuna muku inda ba a dubawa, ku tashi daga wurinsa a ranar, kada ku ce za ku yi tunani. Ni na ce a'a da baki, na bar ƙofar a buɗe, mako uku kawai ta ɗauka. In kuwa har kun riga kun faɗa, aka tsayar da ku a gaban mutane, ku ɗauki laifinku da kanku, kada ku ɗora wa wanda ya fi ku rauni. Shekara ukun kurkuku na gama su sun wuce. Kalmomi huɗun da na faɗa a kan tabarmar shan ruwa su ne ba su ƙare ba.

Kuma kada wani ya ce muku wanda ya faɗi ba ya tashi. Tun da na fito, duk ranar da ba kasuwa ina bin ƙauyuka ina neman dattawan da na cuta. Wasu sun rasu, na tsaya a gaban 'ya'yansu. Wasu sun yafe, wasu sun kore ni da sanda, wani ya sa aka sakar mini kare. Ba na roƙon kowa ya so ni, faɗa kawai nake yi in tafi. Saura wani tsoho guda da aka ce ya koma wurin ɗansa a bayan Dindir, hanyar ba ta biyuwa sai ruwa ya janye. Na riga na yi magana da mai mota.